Abin da Ba Ma Faɗa Idan Mun Zo Ganin Gida

A daren da zan taso daga birnin Mancesta na Ingila zuwa gida hutun Babbar Sallar 2025, ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku, kuma ba ɗoki ne ya hana ni barci ba, awon jaka ne. Kamfanin jirgin ya yarje mini jaka biyu, kowace kada ta haura kilo 23, ni kuwa ina riƙe da takarda mai ɗauke da sunayen mutum arba'in da 'yan kai, tun daga kan Baba da Inna har zuwa maƙwabciyar da ta goya ni ina jariri. Na ɗora jaka a kan sikeli na sauke ya fi sau goma. Na cire takalmin wannan na mayar da turaren wancan, na zare wayoyi daga cikin kwalayensu don rage nauyi, daga ƙarshe kayan sawata ne suka koma kala uku kacal. Kusan rabin abin da ke cikin jakunkunan nan da katin bashi na saye shi, kuma sai da na yi wata biyar da komawa kafin na gama biya. Da farko babu wanda na gaya wa haka a gida, kuma da a ce wani ya tambaye ni a lokacin, da na musa.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma matsayar da na cim ma ita ce, zuwa ganin gida ya fara tashi daga zumunci yana komawa baje koli. Mu matafiya da 'yan uwanmu da muka baro mun ƙulla wata yarjejeniya wadda babu wanda ya taɓa furta ta da baki: mu mu zo da alamun samu, su kuma kada su tambayi yadda aka samu. Ina ganin wannan yarjejeniya tana cutar da mu duka, domin ban da bashin da take jefa matafiyi a ciki, tana hana wanda bai samu ba zuwa ya ga iyayensa tun suna raye, sannan tana tura yaran da ke kallonmu su kama hanya bisa labarin da ko rabinsa ba a ba su ba.

Bari in fara da kaina, tunda ni ne na tayar da zancen. Na je Ingila karatun digiri na biyu da kuɗin filin da Baba ya sayar da kuma karo-karon da yayyena suka yi. Bayan na kammala, aikin da na samu wanda zai ba ni damar ci gaba da zama a ƙasar shi ne a wani gidan kula da tsofaffi, domin a watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje ƙofar biza ta wannan fanni saboda ƙarancin ma'aikata. Aikin na awa goma sha biyu ne a tsaye, wani makon da rana, wani makon da dare. Ina tayar da tsofaffi daga gado, in yi musu wanka, in canza musu kunzugu, in ba su abinci a baki, in zauna kusa da wadda ruɗewar tsufa ta sa take kirana da sunan ɗanta da ya rasu tuntuni. A watan Disamba nakan fita cikin duhu in dawo cikin duhu, saboda rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ban raina wannan aiki ba, halal ne, kuma na koyi haƙuri a cikinsa fiye da yadda na koya a aji. Abin da nake zargin kaina da shi shi ne yadda na bar sunan aikin ya riƙa canzawa a kan hanyarsa ta zuwa garinmu.

Na ce wa Inna ina aikin kula da marasa lafiya. Inna ta ce wa maƙwabta ina aikin asibiti a Ingila. Kafin labarin ya kai bakin masallacin unguwa na zama likita. Kwana biyu da saukata, wani dattijo abokin Baba ya shigo zaure da takardar gwajin jini a naɗe cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, na fi yarda da idon na gida." Na karɓa, na ƙura mata ido kamar mai fahimta, na gyaɗa kai, sannan na ce masa lallai ya koma wurin likitan da ya rubuta ta ya bi abin da ya ce. Ya tafi yana sa mini albarka. Da na faɗa masa gaskiya a wannan lokacin da ban rasa komai ba sai wani rawani wanda dama ba nawa ba ne, amma na yi shiru, kuma shirun nan ƙarya ce ko da bakina bai furta ta ba.

Lissafin kuɗi ma haka yake tafiya. Tun da gwamnatin tarayya ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, fam ɗaya ya yi ta hawa har ya kai naira 2,000 a cikin 2024. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya babban ma'aikaci a Birtaniya a lokacin da na zo gida, wato bayan Afrilun 2025, shi ne fam 12.21 a awa. Kawuna, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya riga ya buga wannan lissafi tun kafin in iso, ya ce mini cikin murna, "Ashe kai a awa ɗaya kana kama sama da naira dubu ashirin, ka ga ke nan kafin azahar ka ci albashin ma'aikacin gwamnati na wata guda." Bai yi ƙarya ba, domin mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne tun 2024. Sai dai lissafin nasa ya tsaya a rabin hanya. Bai san ana zare haraji da kuɗin inshorar ƙasa tun kafin albashin ya shigo hannu ba, bai san hayar ɗaki ɗaya tilo a gidan da muke haɗa kicin da banɗaki da wasu mutum uku tana lashe kaso mafi tsoka na abin da ya rage ba, balle kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu, da na bas, da na sabunta takardun zama. Mutum yana karɓar fam ne, amma da fam yake sayen burodi. Na san duk wannan, na kuma yi murmushi na ce masa, "Alhamdu lillahi, Kawu, ana dai taɓawa."

Bahaushe ba yau ya fara tafiya ba, kuma idan aka waiwaya za a ga cewa abin da ya canza ba nisan hanya ba ne, sharaɗin dawowa ne. Fataken da suke tashi daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su bi bayan madugu wata da watanni har Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro, tafiyarsu ta fi tamu wahala nesa ba kusa ba. Ɗan ci-rani kuwa yakan bar ƙauye bayan an gama girbi, ya nufi birni ko ya gangara kudu, ya yi ga-ruwa ko dako ko gadi ko yankan farce, amma da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya ɗaure kayansa. Damina ce take kiransa gida, ba samu ba. Ko ya tara ko bai tara ba, gona tana jira, kuma babu wanda zai ce masa don me ka dawo. Ban da haka, kowa a ƙauyen ya san sana'ar da yake yi a can, domin a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Legas 'yan gari ɗaya a ɗaki ɗaya suke kwana, kuma wanda ya riga dawowa shi ke kawo labarin sauran. Tsarabarsa ba ta wuce turmin atamfa ga uwa, da sabulu, da 'yar rediyo in abin ya yi kyau. Yau mun ɗaura dawowa a wuyan nasara. Wanda ya tafi Turai ko Saudiyya ko Dubai ba shi da wata damina da za ta ba shi uzurin dawowa hannu rabbana, kuma labarinsa ba ya zuwa ta bakin abokin kwana, yana zuwa ne ta hoton da shi da kansa ya zaɓa ya ɗora a Facebook, sanye da rigar sanyi a gaban wani dogon gini da bai taɓa shiga ba.

Tun a da ɗin ma akwai waɗanda tafiya ta riƙe. Zangunan Kumasi da unguwannin Nima da Sabon Zango a Akra cike suke da jikokin mutanen da suka je fatauci suka zauna. A Sudan akwai zuriyar waɗanda suka bi hanyar Makka a ƙafa, suna yada zango suna noman auduga a Jazira don neman guzuri, har shekaru suka cinye niyyar, ga kuma garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu kusa da Sennar, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ya jagoranci jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗannan sun kafa gida a can, kuma babu laifi a cikin haka. Amma a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice, dubun-dubatar mutane sun kwararo Nijeriya da Nijar, kuma dattawan da suka ga abin sukan ce wanda ya riƙa leƙo gida ya tarar da ɗaki, wanda kuwa ya yanke ƙafa shekara talatin sai da ya riƙa tambayar ina ne ƙofar gidan ubansa. Mu ma mun rama a 1983 zamanin Shehu Shagari, kuma abin dariya ne mai ɗaci cewa jakar da ta samo suna daga wannan kora, wato gana-mas-go, ita ce har yau muke cusa tsaraba a cikinta. Baƙo raɓa ne, ko ya shekara nawa, kuma dokar ƙasar mutane tana iya juyawa cikin dare ɗaya. Wanda ya san haka bai kamata ya bar tsadar tsaraba ta shiga tsakaninsa da gida ba.

Amma tana shiga. Na san wani bawan Allah a garin da nake zaune wanda ya shekara bakwai bai taka Nijeriya ba, ba don takardunsa ba su cika ba, kuma ba don ya rasa kuɗin tikiti ba. Duk shekara yakan ce sai baɗi, idan ya ƙarasa ginin da ya fara, idan ya tara abin da zai raba wa dangi, domin a cewarsa ba zai je a yi masa kallon wanda ya tafi Turai ya dawo da jakar hannu ba. Wata Talata da asuba aka kira shi aka ce mahaifiyarsa ta cika. Kafin ya gama duba farashin jirgi an riga an yi mata sutura, kamar yadda addini ya tanada, kuma abin da ya samu shi ne wani ɗan gajeren bidiyo na sahun jana'iza da ƙaninsa ya turo masa ta WhatsApp. Mun je masa ta'aziyya a ɗakinsa, mu shida, muka zauna a kan kafet muka yi addu'a. A bayan ƙofa akwai wata babbar jaka da ya daɗe yana tara kaya a ciki, har da wani lallausan bargo da ya saya mata saboda sanyin hunturu. Ban taɓa jin nauyin maganar nan ta cewa zumunci a ƙafa yake ba kamar ranar.

Wannan ita ce hasarar da ke faɗa wa matafiyi. Wadda ke faɗa wa na gida ta fi ta girma, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwana huɗu da Sallah, bayan an watse daga cin tuwon dare, ɗan yayata ya biyo ni har ɗaki ya durƙusa. Yaro ne mai hankali, yana da difloma, yana tuƙa adaidaita sahun da mahaifinsa ya saya masa, kuma yana rufa wa kansa asiri daidai gwargwado. Ya ce, "Kawu, so nake ka yi mini hanya." Ya riga ya yi magana da wani dillalin biza da ya yi masa alkawarin takardar ɗaukar aiki a kan miliyoyin naira, ya kuma yanke shawarar sayar da adaidaitar, sannan ya lallashi mahaifiyarsa ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗinta a cika. Da na tambaye shi me ya ba shi sha'awar tafiyar, bai kawo zancen tsadar mai ko rashin aiki ba, duk da cewa su ma dalilai ne na gaskiya. Cewa ya yi, "Ai mun ga yadda ka dawo." Agogon hannuna ya gani, da wayoyin da na raba, da ragon da na yanka, da motar da na ɗauko haya daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Bashin da ke kan katina bai gan shi ba, domin ba a ɗaura shi a hannu.

A lokacin da yake wannan magana, gwamnatin Birtaniya ta riga ta sanar cewa za ta daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, kuma ta rufe ƙofar a watan Yulin 2025. Tun kafin nan, daga Maris na 2024, an hana masu irin wannan biza tafiya da mata da 'ya'ya. Hukumomin ƙasar da kansu sun ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 sun soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, kuma da yawan waɗanda abin ya shafa mutane ne da suka biya dillalai maƙudan kuɗi, suka sauka suka tarar babu aikin ko kuma awannin da ake ba su ba za su ciyar da su ba. Na ga irinsu da idona suna bin layin karɓar abincin sadaka, mutanen da a gida ake lissafa su cikin waɗanda suka tsallake. Wannan fa ga mai kuɗin jirgi ke nan. Wanda ba shi da shi Agadas yake nufa, ya hau bayan a-kori-kura ya shiga sahara. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Talauci ne ya fitar da su, babu mai musun wannan, amma talauci ba ya nuna wa mutum alƙibla. Alƙiblar tana zuwa ne daga maƙwabciyar da ta je ta dawo da katifa da kwanuka, ta kuma yi shiru a kan abin da ta gani a hanya. Haka 'yan matan da ake ɗiba aikatau zuwa ƙasashen Larabawa, inda takardar zaman ma'aikaci take ɗaure da uban gidansa: wadda ta dawo da haƙorin Makka ake gani, wadda aka ƙwace wa fasfo ba ta da bakin ba da labari.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin maganganun suna da ƙarfi. Za a ce kuɗin da matafiya ke aikowa ba tatsuniya ba ne, kuma haka ne: ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna 'yan Nijeriya mazauna waje suna turo abin da ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma a gidanmu kaɗai na san kuɗin makarantar yara nawa da maganin hawan jinin Baba na wata nawa suka fito daga wankan tsofaffin nan. Ba cewa nake kada a tafi ba, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma da za a mayar da ni baya da wataƙila in sake tafiya. Za a kuma ce tsaraba al'ada ce mai kyau, kuma wanda aka sayar wa fili ya yi karatu ba shi da bakin kukan an dame shi da roƙo. Wannan ma na karɓa, ban ɗauki kaina wanda aka zalunta ba, kuma dangin da suka yi karo-karo suna da haƙƙi a kaina wanda turare ba zai biya ba. Abin da nake ja da shi shi ne tsarabar da ta zama shaidar ƙarya. Kowa ya san alhazai da yawa a kasuwar sansanin alhazai ta Kano suke cike gurbin dabino da carbi da jallabiya bayan sun sauka, kamar yadda wasunmu ke biyawa Kantin Kwari su sayi shadda su ce daga can suka zo da ita, kuma mai karɓa ma sau da yawa ya sani, ya yi godiya ya yi shiru. Idan mai bayarwa ya san wasa ne, mai karɓa ya san wasa ne, to saura yaron da ke tsaye a bakin ƙofa yana kallo, shi kaɗai ne ya ɗauka da gaske.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta tausayi. Abokaina da yawa sukan ce ba don alfahari suke ɓoyewa ba, don kada su tayar wa tsohuwa hankali ne, tunda ba abin da za ta iya yi musu daga nesa sai kwana da tunani. Na yarda da wannan shekaru da dama, har daren da na zauna da Inna a tsakar gida bayan an ɗauke wuta, tana yi mini fifita da maficin kaba kamar ina ɗan shekara biyar. Duk kwanakin nan ba ta buɗe ledar da na ba ta ba, tana nan a kan sif yadda na ajiye. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta shafa inda sabulu da safar roba suka busar da fatar, ta ce, "Wannan ba hannun mai riƙe biro ba ne. Kana dai cin abinci kuwa?" Ashe ta daɗe da sani, ko dai ta daɗe da zargi, kuma abin da ke hana ta barci ba wahalar da nake sha ba ce, rashin sanin iyakar wahalar ne. Da na faɗa mata komai dalla-dalla, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ai jinyar tsoho lada ce, Allah ya sa a yi mini nawa. Iyayenmu sun ga fari, sun ga yunwa, sun binne 'ya'ya. Raina musu hankali ne mu ɗauka ba za su iya ɗaukar labarin cewa ɗansu yana aikin ƙarfi ba.

Akwai kuma tsoron kada a ce baƙin ciki kake yi, ka haye ka janye tsani. Wannan tsoro yana da tushe, domin na sha ji ana cewa, "In babu daɗi me ya hana shi dawowa?" Amsar ita ce gargaɗin baki ba ya aiki a wurin wanda ya zo da rago da agogo, tunda gani ya kori ji. Idan ana son a gaskata mu, sai zuwanmu ya yi kama da zamanmu. Mu sauka da abin da muka iya saya ba tare da bashi ba, mu kira aikinmu da sunansa, mu faɗi abin da ke shiga da abin da ke fita. A nan dole in ɗan karkata in taɓa wani hali namu da ke ƙara rura wutar: mutum ya shekara uku a waje, ya dawo yana yatsina fuska a kan sauro da ƙura, ba ya shan ruwan randa, yana sako "a can kuwa" a cikin kowace magana. Wanda ya yi haka ya riga ya gaya wa yaran gidan cewa inda suke ba wurin zama ba ne, ko da daga baya ya yi musu wa'azin haƙuri.

Na gida su ma akwai abin da ke kansu, kuma ba mai yawa ba ne. Su sauƙaƙa wa mai zuwa. Tambayar farko ga wanda ya sauka kada ta zama ina tsarabarmu, ko da wasa ne, domin wasan yana da nauyi a kunnen wanda ya san abin da ke aljihunsa. Uba ko babban wa yana iya faɗa wa ɗansa tun a waya cewa ya zo kawai, fuskarsa ake son gani, sannan ya tsaya a kan maganar idan dangi suka fara gunaguni. Gidan da ya yi haka zai riƙa ganin ɗansa duk shekara ko duk shekara biyu, maimakon sau ɗaya a shekara bakwai da akwatuna shida.

Ɗan yayata kuwa, washegari na kira shi na buɗe wayata na nuna masa takardar albashina ta watan da ya gabata, na sa shi ya ɗauko biro. Muka rubuta abin da ya shigo a sama, muka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya: haraji, haya, wuta da gas, bas, abinci, abin da nake turo wa gida, da abin da nake biyan katin bashi. Na nuna masa hoton ɗakina, wanda idan na shimfiɗa darduma sai na ɗaga kujera na ɗora a kan gado. Na gaya masa abin da nake yi da hannuna daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon lambar da ta rage a ƙasan takardar, sannan ya mayar da ita naira a wayarsa, ya ɗago ya ce, "Kawu, ai wani watan ina kusan kama wannan." Ban ce masa kada ya tafi ba. Na ce idan zai tafi ya tafi ta ƙofar da ya gani da idonsa, kada ya ba dillali ko sisi, kuma kada ya taɓa gwal ɗin uwarsa. Har yanzu yana tuƙa adaidaitarsa, kuma har yanzu yana zancen tafiya, sai dai yanzu tambayoyinsa sun canza, yana tambayar kuɗin haya kafin ya tambayi canjin fam.

Ranar da zan koma, Inna ta cika mini jakar da na zo da ita da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, har da ƙullin kilishin da dole na cire na bar wa yara, saboda ba a shiga Birtaniya da nama daga Nijeriya. Ta rako ni har bakin zaure, inda ba ta saba wucewa ba, ta ce, "Sai yaushe kuma?" A da nakan ce sai yadda hali ya yi. Wannan karon na ce mata da azumi in Allah ya kai mu, kuma da jakar hannu kaɗai zan zo. Ta ce in taho mata da man zafin nan na gwiwa, shi kam yana yi mata aiki.